Hannun Baba a Madubi

Kafin ƙarfe goma na safe ya riga ya take ganga ta huɗu. Ya ji murƙushewarta a ƙarƙashin tayar baya, ya taka birki, ya zauna yana kallon sitiyari. Bai ji kunya ba, bai ji haushi ba. Ya daɗe rabonsa da jin wani abu.

'Yan dako suka kwashe da dariya daga inuwar sito. Ɗayansu ya ɗaga murya: "Sabon-Hannu, me gangar nan ta yi maka? Ko ta zagi surukarka ne?"

Lasisinsa bai cika wata ɗaya ba. Amma lasisi takarda ce, ba ta san ribas ba. Tirela kuwa in za ta koma da baya, taurin kai gare ta: ka karya sitiyari dama, wutsiyarta ta nufi hagu. Manaja ya riga ya yanke magana. Ranar Alhamis zai shigar da ita lungun lodi da baya, sau ɗaya, ba gogar bango. In ya iya, ya samu aiki. In ya kasa, mutum uku na jiran kujerar.

Mai koya masa wani tsohon direba ne da kowa ke kira Baba. Shekara talatin yana jan tirela, sai shekara biyu da suka wuce ya ajiye makulli, ya koma bai wa motoci hannu a filin. Shi da kansa ya ce a bar masa sabon direban. Ba ya hawa mota ko don ya nuna abu. Daga ƙasa yake koyarwa, kuma in yana magana da Sabon-Hannu, ƙasa yake kallo.

"Doka ɗaya ce, ɗana," in ji shi. "Ba ka da ido a baya, hannuna ne idonka. Muddin yana kira, ka zo. In na dunƙule shi, ka tsaya. Kada ka yi min dabara."

Haka suka yi ta yi, Litinin, Talata, Laraba. Baba ya jera ganguna, shi ya take, Baba ya sake jerawa. Bai taɓa yi masa tsawa ba, abin da ya ba 'yan dako mamaki, don sun san bakin tsohon.

A gida, Inna takan ajiye masa abinci, ya ci bai san me ya ci ba. Keken ɗinkinsa na nan a lulluɓe a zaure, ɗakin yayansa kuma a kulle tun da aka yi rasuwa. Ba ta taɓa tambayarsa ko ya gaji ba. Tambayarta ɗaya ce: "Komawa da bayan fa? Hannunka ya faɗa?" Ya ce saura kaɗan. Ta ce, "To, kada ka yi sanya."

Ranar Laraba da yamma bai taɓa ganga ko ɗaya ba.

Alhamis ta zo. Lungun lodi matsattse ne, bango hagu, bango dama, bango a ƙarshe. A ƙasa akwai layin rawaya inda tayar baya ke tsayawa. Manaja ya tsaya a bakin lungun ya harɗe hannu. Baba kuwa ya wuce ciki, ya yi ta tafiya har ƙuryar, inda mai ba da hannu ba ya tsayawa.

Sabon-Hannu ya taka kuloci, ya sa ribas. Wutsiyar ta shiga daidai. Ta ɗan kauce hagu, ya bi ta a hankali, ta miƙe. A madubi yana ganin Baba, hannunsa na kira: zo, zo. Sai jikin tsohon ya ɓace a bayan bodi, hannun kaɗai ya rage a gefe, yana ta kira.

Taya ta kai layin rawaya. Hannun na kira.

Taya ta haye layin. Hannun bai dunƙule ba.

Babu wanda ke ganin ƙuryar nan sai shi. Kowa a filin ya san dokar, kuma kowa zai ba da shaida cewa direba hannu ya bi. Motar na tafiya da kanta, a hankali, ƙafarsa na rataye a sama. Ya nemi wani abu a ƙirjinsa, ko fushi ko tausayi, bai samu ba. Ƙafar ce kawai ta sauka kan birki.

Ya sauko, ya bi gefen motar ya matsa ciki. Baba na tsaye, bayansa manne da bango, tsakanin ƙirjinsa da ƙarfen bodi bai fi taƙi ɗaya ba.

"Wa ya ce ka tsaya?" in ji Baba.

"Taya ta wuce layi."

"Ban dunƙule ba."

Daga waje Manaja ya ƙwalla kira cewa aiki ya yi kyau, ya zo ya karɓi makulli.

Baba ya sauke hannunsa. Karon farko ya dube shi ido cikin ido. "Tun ranar da ka shigo filin nan na gane ka. Tafiyarku ɗaya da yayanka."

"Na san ka gane."

Sabon-Hannu ya juya ya fito daga lungun, 'yan dako na yi masa barka, shi kuma yana tunanin yadda zai gaya wa Inna cewa Baba, direban da ya matse ɗanta na fari a jikin bangon nan har ya mutu, ya kai kansa wurin da ƙafarsa, shi kuwa da ya bar ɗinki ya koyi tuƙi domin wannan rana, ya taka birki.