Jiniyar da Ba a Saya Ba

"Kada ki kalla, 'yar'uwa," in ji shugaban 'yan kwana-kwana, ya sa hannu ya tare allon kwamfutar. Na ture hannunsa.

Ni ce magatakardar ƙaramin garinmu a jihar Kansas ta Amurka, ni ke cike takardun neman tallafin tsaro daga gwamnatin tarayya. Shekara uku ina roƙon abu ɗaya: sabuwar jiniyar gargaɗin guguwa, don tamu ta mutu. Shekarar farko aka ce na makara. Ta biyu aka ce an canza fom. A ta uku jami'in da ke kula da tallafin ya ce mini a waya, "Madam, bana kuɗin na yaƙi da ta'addanci ne. Iska 'yar ta'adda ce?"

"To me za ku ba mu?"

"Kyamarorin tsaro. Rubuta kawai."

Na rubuta, don kada mu tashi a tutar babu. Aka kafa goma sha biyu, ɗaya a bakin layinmu.

Ranar Talata da la'asar guguwa ta share layuka huɗu. Jiya muka binne mijina.

Ga shi yanzu a allon, a hoton da kyamarar layinmu ta ɗauka ranar, yana shanya rigar aikina a igiya. Hoton ya fito tas, har ana ganin ya tsuke baki yana yin fito. A bayansa sama ta yi baƙi ƙirin. Taku goma ne tsakaninsa da ɗakin ɓuya na ƙarƙashin ƙasa. Minti shida ya yi a tsaye, babu abin da ya ce masa ya waiwaya.