Hannun da Inna Ta Ɗaure

Motar ta yi ƙara sau uku, alamar ya karɓi sitiyari, a daidai lokacin da ya miƙa hannun dama zai karɓi kilishin da Inna ke ba shi.

Tun da ya ɗauko ta daga filin jirgin sama na JFK motar ke tuƙa kanta, tsohuwar tana ta salati, tana cewa wannan kam aikin aljanu ne. Shi kuwa bahago aka haife shi. Inna ce ta ɗaure masa hannun hagu da ɗankwali shekara biyu cur a Zariya, har ya koyi ci da rubutu da karɓar abu daga manya da dama. Shekara talatin ke nan bai ƙara miƙa mata hagu ba.

Tsani ne ya faɗo daga wata babbar mota a gabansu. Hannun dama, mai ladabi, ya tsaya cak inda yake. Na hagun ne ya cafke sitiyari, ya kauce da su, ya mayar da su layi a hankali kamar mai kwantar da jariri.

Suka haye gada. A ƙofar gida a unguwar Soundview ya sake miƙa mata dama, kansa a sunkuye.

"A'a," in ji ta. "Ba ni ɗayan."

Ta daɗe tana kallon tafin kamar baƙon da ta taɓa kora. Sannan ta ɗora kilishin a ciki, ta rufe masa yatsun da hannunta.