Famfo Mai Jan Fenti

Dakta Shiuli ta saki hannun Inna Jobeda tana murmushi. "Albishirinki, Inna! Gubar ruwan famfon ta bar jikinki. Kin fita daga bincikenmu, kin huta da sintirina."

"To, shayin fa?"

"Sauri nake, Inna."

Tun da masu bincike suka gano guba a ruwan famfonta, suka kuma shafa masa jan fentin gargaɗi, matan ƙauyen suka sauya wurin ɗiban ruwa, hirar ma ta bi su. Likitar kaɗai ke yi mata sallama.

Jobeda ta raka kwalekwalen likitar da ido har ya ɓace. Sannan ta zubar da ruwa mai tsabta da ke tulunta, ta tara tulun a bakin jan famfon.

"Za ki dawo, 'yata."