Saura Maki Biyu

"Maki biyu, Mama! Biyu kacal!"

Da gudu ta faɗo shagon ɗinkin, waya a hannu, har tana tuntuɓe da ƙyallaye. Babbar jami'ar da take mafarki ta kuɓuce mata da maki biyu, sai wata ƙaramar kwaleji ce ta ba ta gurbi. Amma maimakon kuka, zuciyarta tsalle take. Ashe dab take da ƙofar!

"Zan sake zama baɗi," ta ce, tana haki. "Wallahi zan iya!"

Mahaifiyarta ba ta ɗaga ƙafa daga keken ba. "Shekara guda fa. Ƙawayenki duk su tafi, ke kina nan kina tsinto min allura?"

"Na ji, na gani."

"To da me za ki yi karatun?"

Nan jikinta ya yi sanyi. Ranar da ta gama jarrabawa, don murna, ta kwaso littattafan da ta cika da hannunta ta zube wa Mama, ta ce a yanka takardun a fitar da samfurin riguna. A zatonta, wata uku ke nan almakashi na cin su.

Mama ta tsayar da keken, ta jawo buhu daga ƙarƙashin tebur. Ga su nan reras, ko shafi ɗaya bai yi ciwo ba.

"Ni da nake auna ki tun kina goye, sai in kasa sanin girmanki? Na san za ki dawo neman su. Kwashe, kin tare min haske."