Wa Zai Riƙe Fartanyar?

Tun da Shakir ya zauna a falon iyayen Raliya a unguwar Malaz, can ƙasar waje, yatsunsa take kallo. Ya gama karatu, ya zo da maganar aure: su koma ƙasarsu su yi noma da kiwo, 'ya'yansu su yi karatu a gida.

"Wa zai koyar da su?" ta tambaya.

"Ke mana."

"Awakin fa?"

Ya yi murmushi. "Ai mata sun fi iya kiwo."

"Malam Shakir, buɗe tafin hannunka in gani."

Ya buɗe. Sumul, kamar na jariri.

"To, wa zai riƙe fartanyar?"

Sai ta ga idonsa ya sauka a kan hannuwanta. Ta janye su cikin abaya.