Haƙurin da Maɓalli Ya Bayar

Yaran ajin Malam Ilu ba su taɓa yin kuskure a Turanci ba. Kowannensu yana da maɓalli a wuyan riga, mai faɗin abin da yaro ke nufi da Turanci mai santsi, kuma da muryar yaron. Sai dai a cikinsu babu wanda ya taɓa haɗa jimla guda da kansa.

Malam Ilu kaɗai ke magana da bakinsa. Ranar Talata yana karanta musu labari harshensa ya sarƙe, Hansatu ta kwaikwaye shi, aji ya fashe da dariya. Ya rufe littafin.

Washegari ta same shi a gindin darbejiya, ta durƙusa, ta danna maɓallin. Muryarta ta fito tana ba da haƙuri, har da rawar kuka, alhali bakinta a rufe yake.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ya yi daɗi, 'yata. Yau ke ce ta tara da ta kawo mini wannan haƙurin, ko kalma ɗaya ba ta bambanta ba. To, ke me kika zo gaya mini? Ko da Hausa ne."

Hansatu ta buɗe baki, ta rasa ta inda za ta fara. Ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta. Malam bai matsa mata ba, ya gyara mata wuri a kan benci, ya zauna jira.

Nan ta gane cewa har yanzu ba ta ba shi haƙuri ba.