Wagar Kakana

"Biki kuke yi a nan?" na tambayi shugaban gidan tarihin.

"Hajiya, gwamnati ta janye hannunta. Da hayar zauren nan muke biyan kuɗin wuta."

Na ture shi na shige. Ni na kawo musu wagar kakana kyauta daga unguwarmu Aboabo, jakar fatar da ya yi fataucin goro da ita daga Kumasi zuwa Kano. Na hango ta kusa da amarya, an fito da wagar daga akwatin gilashinta, cike maƙil. Zuciyata ta ɗan yi sanyi: ko ba komai, ta sake ɗaukar goro.

Na zura hannu in ɗauki ɗaya. Ƙasusuwan kaji ne da ledojin ruwa.